Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Haƙƙin Talaka a Baitulmali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya wa matalauta haƙƙi sananne a cikin dukiyar mawadata. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama. Mun sani cewa ƙasarmu ta Waca ba ta taɓa zama ƙarƙashin tutarsa ba. Waca da Dungas da Mirya ƙasashen Sosebaki ne, fuskarsu tana duban Barno, daga baya kuma suka shiga hannun sarakunan Damagaram. Wasu daga cikin kakannin maƙwabtanmu ma, irin Hausawan Daura da suka koma Zango da Ɓaure, da Katsinawan da suka kafa Maraɗi, abokan gabarsa ne a fagen fama. Duk da haka mun zaɓi tarihinsa, domin yana cikin shugabannin wannan yanki da suka zauna suka yi tunani, suka kuma rubuta, a kan tambayar da take damun kowane gida a yau: mene ne haƙƙin iyalin talaka a kan mai mulki, kuma ta wace hanya wannan haƙƙi zai isa bakin ƙofarsa?

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1781 Miladiyya. Sunan mahaifiyarsa Hauwa. Ya tashi a Ɗegel cikin ƙasar Gobir, a tsakiyar almajiran mahaifinsa, a gidan da tawada ba ta bushewa. Ya yi karatu a gaban Shehu kansa, da ƙanen Shehu Malam Abdullahi, wanda ya koya masa Larabci da nahawu, da wasu malaman zuriyarsu. Ya ƙware a fiƙihun Malikiyya da tafsiri da hadisi, sa'an nan zuciyarsa ta karkata ga tarihi da ilmin magani, fannoni biyu da ba kowane malami ne yake waiwayarsu ba a wancan zamani.

Tun yana yaro yana ganin masu zuwa wa'azin Shehu. Akwai malamai da 'ya'yan sarakuna a cikinsu, amma mafi yawa manoma ne da makiyaya da mata, kuma kukan da suke kawowa kusan iri ɗaya ne.

HALIN DA TALAKA YAKE CIKI

Shehu ya lissafta wannan kuka a littafinsa Kitabul Farƙi, ya ambaci kowace zalama da sunanta na Hausa don kada wani ya ce bai gane ba. Akwai kuɗin gari da kuɗin salla da ake ɗora wa mutane. Akwai jangali a kan shanu, wanda ba shi da nisabi irin na zakka. Akwai tawasa da ake yanka daga naman mahauta, da abin da ake ɗiba daga auduga da sauran kayan kasuwa. Akwai kamuwa, wato a kama jakin mutum ko takarkarinsa a ɗora masa kayan sarki. Akwai gaisuwa, wadda sai da ita ake ganin fuskar mai mulki. Idan mutum ya mutu a ƙasarsu su kwashe dukiyarsa su ce gado ne. Alƙali kuma yakan dubi hannun masu ƙara kafin ya dubi hujjarsu.

Mu auna wannan a kan gida guda. Maigida ya yi noma, damina ta yi kyau, ya cika rumbu. Kafin sanyi ya wuce an ɗebi na gari, an ɗebi na salla. Jakin da zai kai masa kaya kasuwa an kama. Bazara na yi hatsi ya ƙare, sai ya ci bashi. In ajali ya riske shi, matarsa da marayunsa su tashi babu ko akuya. Wannan iyali ba fari ne ya talauta su ba, hannun hukuma ne. Daga nan Bello ya fahimci cewa taimako na farko da mai mulki zai yi wa talaka shi ne ya janye hannunsa daga rumbunsa.

SHEKARUN YUNWA DA YAƘI

A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, Bello yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A watan Yuni aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara a kan Sarkin Gobir Yunfa. A ƙarshen shekarar kuma aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Abin da ya fi takobi cin jama'a a waɗannan shekaru shi ne yunwa da cuta, domin sun bar gonakinsu, suna yawo da mata da yara a ƙasar da babu mai sayar musu da abinci.

Yunwa ba ta san malami ba. A shekarar 1805, kafin yaƙin Alwasa, wani sashe na rundunar ya afka wa garin da yake zaman amana da jama'a ya washe shi. Malam Abdullahi da Bello suka tsaya suka yi inkarin wannan aiki, amma aka ƙi saurarensu. Irin wannan hali ne ya sa Malam Abdullahi ya bar jama'a a 1807 da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a. Bello kuwa ya zauna, amma darasin ya shiga jikinsa: mutanen da suka fito don kawar da zalunci suna iya zama azzalumai idan cikinsu ba kome kuma ba su da sana'a sai ganima.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1809 Bello ya kafa Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A wannan shekara ce Bello ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda a cikinsa ya kawo tarihin ƙasashen nan da labarin jihadi, har da wasiƙun muhawara da suka yi da Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno.

HAWANSA MULKI DA TSARE BAITULMALI

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Ya karɓi ƙasa tana girgiza. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa suka ɗaga kai. Ga mayaƙa da suka saba da ganima, ga matan da yaƙi ya kashe wa maza, ga marayu, ga 'yan gudun hijira.

Tsarin da Shehu ya shimfiɗa shi ne a soke harajin da shari'a ba ta sani ba, a tsaya ga hanyoyin shiga na halal, kamar zakka da humusin ganima da harajin ƙasa da jiziya da dukiyar da ba ta da magaji. Zakka kuwa Allah da kanSa Ya ƙayyade masu cinta, kashi takwas, a cikin Suratut Tauba, Ya fara da faƙirai da miskinai. Bambancin zakka da jangali ga ƙaramin gida babba ne. Zakka tana da nisabi: wanda shanunsa ba su kai 30 ba, ko awaki da tumakinsa ba su kai 40 ba, ko hatsinsa bai kai wusuƙi 5 ba, wato mudun Annabi 1,200, babu abin da za a karɓa a hannunsa. Maimakon haka ma, yana iya zama cikin waɗanda za a ba.

Amma doka a takarda ba ta ciyar da kowa sai an sami amintaccen hannu. A nan Bello ya fara da kansa. Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a Sakkwato ya rubuta tarihin sarakunanta, ya ba da labarin cewa Bello ba ya ci daga baitulmali, daga abin da ya samu da guminsa yake ciyar da gidansa. Ya ce tun farkon jihadi Bello ya nuna wa mahaifinsa cewa halal ta yi ƙaranci, Shehu yana da uzurin ɗaukar abin da ya zama lalura saboda nauyin jama'a da yake kansa, shi kuwa saurayi ne mai ƙarfi, zai nemi sana'a. Haka kuwa ya yi. Wannan marubuci ya ƙara da cewa Bello yakan bi diddigin alƙalai, ya warware hukuncin da aka yanke bisa son zuciya. Talaka ba shi da dangi a fada. Idan alƙali ya karkace, gonarsa da gadon 'ya'yansa sun tafi.

Abin koyinsa a nan shi ne Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wanda ya kafa diwani ya yanka wa Musulmi rabo daga baitulmali. Da farko ba a rubuta yaro sai an yaye shi. Wani dare a Madina Umaru ya ji jariri yana ta kuka, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne don a sa shi cikin masu rabo. Gari na wayewa ya canza dokar, ya sa a riƙa rubuta kowane yaro tun ranar haihuwarsa. Wannan ƙissa tana nuna cewa ko doka mai kyakkyawar niyya tana iya cutar da iyalin da aka yi ta dominsu, kuma ba a gane haka sai shugaba ya je inda kukan yake.

WASIYYARSA GA SARKIN KATSINA

Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya nemi Bello ya rubuta masa nasiha a kan mulki, sai ya rubuta masa Usulus Siyasa, ɗan littafi mai ginshiƙai bakwai. Ya yi magana a kan tsoron Allah, da sauƙin hali, da zama da malamai na gari. Sa'an nan ya zo kan abin da ya shafi tukunyar talaka. Ya nuna cewa wajibi ne sarki ya samar wa mutanensa abin da zai gyara duniyarsu da addininsu: ya raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya rarraba su gari-gari gwargwadon bukata. Ya kwaɗaitar da jama'a su noma abinci su kuma adana shi. Ya raya ƙauyuka, ya gina ganuwa da gadoji, ya gyara kasuwanni da hanyoyi.

Ku lura, ya 'yan'uwa, da cewa ya haɗa noma da adanawa. Duk manomi a Waca ya san cewa hatsin da aka sayar da araha a kaka, shi ne ake saye da tsada a lokacin marka. Ku lura kuma da rarraba masu sana'a. Ƙauyen da ba maƙeri, manomi zai ɓata yini biyu a tsakiyar damina don gyaran hauya. Ƙauyen da ba mai magani, mai naƙuda sai a kan jaki.

A wani littafin nasa, Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi, ya yi bayanin hukuncin neman abin kai, ya ɗaukaka darajar aikin hannu, ya zargi zaman banza da roƙo ga mai lafiya. Wato a wurinsa mabukata iri biyu ne. Akwai wanda ba shi da iko, kamar makaho da tsoho da maraya, wannan haƙƙinsa ne a ciyar da shi. Akwai mai ƙarfi wanda ya rasa hanya, wannan haƙƙinsa ne a ba shi gona da kasuwa da aminci. Wanda ya gauraya su biyun zai zalunci na farko ya kuma lalata na biyu.

RIBAƊI DA MAKIYAYA DA MAGANI

Bello ya aikata abin da ya rubuta ta hanyar kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, irin su Wurno da Gandi da Lajinge. Ribaɗi gari ne mai ganuwa, da masallaci da liman da alƙali da malamin yara, da gonaki kewaye da shi. A nan aka zaunar da mayaƙa da waɗanda yaƙi ya tarwatsa. Ya kira Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su koyi noma, su sa 'ya'yansu karatu, su rage yawan shanu su ƙara dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Irin wannan shawara ya aika wa Muhammadu Jailani, shugaban wata jama'a ta Abzinawa. Wasu makiyaya sun karɓa, wasu sun ga an taɓa al'adar kakanninsu suka yi gaba da garkensu.

Ya kuma rubuta littattafai a kan magani, har da ciwon ido da basir da amfanin filasko. Lokacin da Baturen Ingila Kilafatin ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko da likita ya zauna a garin. Da Baturen ya dawo a 1826 ya tarar da shi yana duba littafin lissafi na Uƙlidis cikin Larabci.

ABIN DA YA ISA GIDAN TALAKA DA ABIN DA BAI ISA BA

Wannan Bature ya bar mana shaidar abin da ya gani a Kano a 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ga unguwa ta musamman ta makafi a cikin birni, waɗanda ake ba wani abu daga gidan sarki, ko da yake suna fita bara a kasuwa. Ya ga kasuwa mai tsari, har ma idan aka sayi riga ko turkudi aka kai Barno aka tarar da aibi, ana mayar da ita, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin. A 1851 wani Bature ɗan Jamus, Barth, ya tarar saƙa da rini sun bunƙasa a ƙasar Kano, iyalai suna yin su a cikin gidajensu, kayan suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Ya ƙiyasta cewa wuri dubu 50 zuwa 60 suna riƙe iyali shekara guda.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba a yanke ta biyu a ɓoye rabi. Shi dai Barth ya tarar kowane maigida a Kano yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi tana biyan wuri 700, ban da na kayan lambu da sauransu. Shekara 14 kacal bayan rasuwar Bello, haraji ya yi rassa, jangali da gaisuwa ma ba su mutu ba. Haka kuma yaƙi bai tsaya ba duk tsawon mulkinsa, kuma dubban iyalai da aka kamo an zaunar da su a rinji suna noma a matsayin bayi. Gyaran bai kai gare su yadda ya kai ga 'ya'ya ba. Manomin da yake bakin iyaka, ko a ɓangaren Sakkwato ko a ɓangaren Gobir da Maraɗi, shi ne aka fi ƙone wa rumbu. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne abin da aka sa wa ido. Inda idon shugaba bai kai ba, tsohuwar ɗabi'a ta dawo da sabon suna.

RASUWARSA

A 1836 Bello ya jagoranci yaƙinsa babba na ƙarshe a Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, wato Oktoba 1837, bayan shekara 20 yana mulki, aka rufe shi a can cikin ribaɗin da ya gina. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta littafi a kan halayensa, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta yi masa marsiyya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tambayar da Bello ya yi fama da ita tana nan. Iyayenmu sun ba mu labarin yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984, mu kuma mun ga ta 2005 da idanunmu a jihohin Damagaram da Maraɗi. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance maƙwabtanmu, ƙishirwa ta kashe su a hamada arewa da Arlit, suna hanyar Aljeriya neman abin da za su ci. Hukuma ta yi nata yunƙuri: a 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, a 2011 kuma aka soma wani shiri da taimakon Bankin Duniya, aka riƙa ba matan gidaje marasa ƙarfi jika 10 kowane wata. Duk irin wannan shiri, ma'aunin Bello ya isa a auna shi. Shin wanda aka rubuta shi ne mabukaci na gaskiya? Shin hannun da yake rabawa ya ƙoshi da halal ɗinsa? Shin in an daina bayarwa, iyalin sun sami akuya ko lambu ko jarin da za su tsaya a kai?

Mu ma akwai namu baitulmali, ko da ba mu kira shi da wannan suna ba. Dami ɗaya cikin goma na hatsin da ruwan sama ya shayar, da ɗaya cikin ashirin na wanda aka shayar da wahala, haƙƙin faƙirai ne idan amfanin ya kai nisabi. Da yawa daga cikinmu suna fitarwa, amma sai a kai wa wanda ake jin kunyarsa ko wanda ake neman fada a wurinsa, a tsallake matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara biyu ba labari. Muna kira ga limamai da dattawan kowane masallaci, daga Waca har ƙauyukanta, su san gidajen mabukata na unguwarsu gida-gida tun kafin kaka, su zaɓi amintattun da ba su da bukatar abin da za a tara, a ajiye wani kaso a rumbun jama'a bisa shawarar malamai don watannin da tiya take tsada. Masu hali kuma su ji tsoron Allah game da bashin da ake bayarwa a damina a karɓi ninkinsa a kaka, domin riba ce, kuma ita ce kamuwar wannan zamani.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan abin da ya gyara. Allah Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu fitar da haƙƙin da yake cikin dukiyarmu tun kafin a tambaye mu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.